Wa Zai Ci Kifin Nan?

Ranar da aka fara ba ni wuƙa a shagon Mma Memuna, na sare kan kifin da bai kamata a sare ba. Wata tsohuwa ce 'yar China ta shigo, 'yar ƙarama kamar ka sa ta a aljihu, ta nuna wani jan kifi ƙato da ke kwance kan ƙanƙara. Ni kuwa shekara guda ke nan ina goge ƙasa ina jiran wannan rana, don haka ban tsaya jin komai ba. Na sunkuto kifin, na shimfiɗa shi kan katako, na ɗaga wuƙa kamar sarkin fawa ranar Layya, na sauke. Kai ya yi gabas, jiki ya yi yamma. Matar ta saki ihun da na tabbata an ji shi a hayin Kogin Thames. Ashe na bikin sabuwar shekararsu ne, kuma a wajensu kifin wannan rana da kansa da jelarsa ake kai shi tebur.

Na ɗauki kan ina ƙoƙarin manna shi a mazauninsa, ko Allah zai sa ya kama. A haka Mma ta fito daga ɗakin sanyi ta same ni.

"Sagiru, wa zai ci kifin nan?"

"Ita ce, Mma."

"Ka tambaye ta?"

"Ai ta nuna shi da yatsa."

"Yatsa ya ce maka a sare?"

Ta ba matar wani kifin da haƙuri mai yawa, ta karɓe wuƙar daga hannuna, ta miƙo mini tsintsiya. Kan kifin kuwa ni aka dafa wa. Na ci shi yana kallona.

Na fara da wannan ne saboda ku, 'yan ajinmu na Islamiyya a Whitechapel, da kuke toshe hanci in na shigo, kuna kirana Sarkin Ƙarni, kuna cewa sayar da kifi ai ɗauka ne ka jefa a leda ka miƙa na'urar kati. Shekarata goma sha bakwai, uku daga ciki a bayan kanta na yi su, kowace Asabar da kowane hutu. A lissafin sana'ar kifi ni dattijo ne. Ku gyara zama.

Mma Memuna 'yar zango ce, wato unguwar Hausawa, daga wani gari na bakin teku a yammacin Ghana. Ba zan rubuta sunan garin ba, nan gaba za ku gane dalili. Ta zo London tun kafin a haife ni, ta buɗe ɗan shagon kifi a babban titin Deptford, tsakanin mai aski da mai sayar da doya. Ummata ce ta kai ni wajenta, bayan na fasa talabijin ɗin gidanmu da ƙwallo a cikin falo. Ta ce, "Mma, ga shi nan. In ya yi gardama ki sa shi a firiza." Mma ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi farin kambas ɗin da na sa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Kambas ɗin bai ga Asabar ta biyu ba.

Aikin farko da za a ba ka ƙanƙara ce. Ka fasa, ka shimfiɗa, ka jera kifi a kai, ciki a ƙasa, ido yana kallon mai saye. A watan Janairu hannunka zai daina zama naka. Akwai ranar da na sosa kunnena na waiga in ga wanda ya taɓa ni. Bayan ƙanƙara sai tiyo da tsintsiya, bayan su sai kankare ɓawo. Muna da abin kankara na ƙarfe, na kanti, mai sheƙi, wanda ke rataye don mutumin ƙaramar hukuma ya gani ya ji daɗi in ya zo duba tsafta. Amma wanda Mma ta yarda da shi ɗan katako ne da aka buga wa marafan kwalbar lemo da ƙusa, tun daga gida ta zo da shi. In ka kankare karfasa da shi, ɓawo zai tashi ya shiga gashinka, da kunnenka, da aljihunka. Na taɓa samun ɗaya a cikin littafin lissafina ranar jarrabawa.

Wuƙaƙe uku ne. Akwai gajera ta farke ciki. Akwai doguwa siririya mai lanƙwasa, ita ke bin ƙaya ta raba ta da tsoka, in ka iya. In ba ka iya ba sai ta bi yatsanka. Sai babbar, ta sara, wadda muke kira Kawu, don ba ta magana sau biyu. Kowace safiya Mma na wasa su da kanta a kan dutse, tana sauraron saƙonnin murya na gida, kuma ko ɗanta na cikinta bai isa ya taɓa dutsen ba.

Amma duk wannan ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar tambaya ce guda ɗaya, wadda dole ka yi kafin wuƙa ta taɓa kifi: wa zai ci? Kifi ɗaya ne, yankansa ya fi goma. In yara ne za su ci, ka zare ƙaya har ta ƙarshe. In farfesu ne na mai jego, ka yanka dunƙule-dunƙule ka bar kai, a nan daɗin romo yake. In gashi ne, ka tsaga gefe ka bar shi ɗungurungum. In tsoho ne marar haƙori, kada ma ka bar mai saye ya ɗauki wanda ya nuna, ka canja masa da mai laushi. Mma ta ce wanda ya yanka bai tambaya ba, ba mai kifi ba ne, mahauci ne da ya ɓata hanya. Bayan abin da ya faru da 'yar China, sai da ta sa na yi wannan tambaya har ta zama mini kamar atishawa. Ko ruwa Ummata ta ce in miƙo mata, sai in ji bakina ya ce, "Wa zai sha?"

Daga tambayar nan kake sanin mutane. Akwai likitan nan ɗan Kano da ke zuwa da safar hannu, ya tsaya nesa kamar kifin zai yi masa tari, ya ce a cire komai, har da abin da ya sa kifi ya zama kifi. Akwai matan Yarbawa da za su danna kowane kifi da yatsa, su zagi kakansa, sannan su saye rabin kanta. Akwai ɗalibai 'yan Arewa da ke zuwa dab da tashi su ce a ba su kawuna, na kyanwa ne. Kyanwar nan dai tana son yaji da tumatir, don nan gaba kaɗan muke ganinsu suna sayen attaruhu.

Ɗanyen kifi daga babbar kasuwar sari muke ɗauko shi, kamar kowa. Abin da ya bambanta mu da sauran shaguna banda ce, wato kifin da aka busar da hayaƙi. Tamu daga garin su Mma take zuwa, a kwali, ta hannun wani ɗan kasuwa mai lasisin shigo da ita. Yayar Mma, Adiza, ita ce shugabar matan da ke yin ta. Mazan gari su fita da kwalekwale su kamo ƙananan kifin teku, matan su jera a kan raga, su tura itace da ɓawon kwakwa. In kwali ya iso, Mma ce ke buɗewa. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi a kan kanta. Mai kyau ƙararsa kamar busasshen icce, launinsa kamar zuma, in ka karya ya ɓalle tsaf ba ya jan jiki. Wanda aka yi wa gaggawa kuwa waje ya ƙone ciki da danshi, kafin a yi sati ya fara furfurar fumfuna. A saman kantarmu akwai baƙin allo da aka rubuta sunan garin da alli, a ƙasa kuma, "Adiza da matan bakin teku." Duk wanda ya sayi banda sai Mma ta nuna masa allon, ko yana sauri ko ba ya sauri. Ta ce kifinta ba maraya ba ne, yana da gida.

Sai muguwar shekara ta zo, ta ƙofa biyu.

Ƙofar farko daga teku ce. Na gaya muku Mma na sauraron saƙon murya tana aiki, kuma ba ta san ana rage ƙarar waya ba, don haka na fi sanin tsegumin garinsu fiye da na danginmu na Kano. Tun da daɗewa akwai wata hasumiyar ƙarfe ta haƙar mai can nesa a cikin ruwa, wutarta ba ta mutuwa. Kifi na son haske, sai ya taru a ƙarƙashinta, kuma an hana kwalekwale matsawa kusa. Wanda ya matsa, jirgin sintiri ya ƙwace masa koma, ragarsa ta kamun kifi. Da wannan mutanen garin suka saba, suna zagi suna haƙuri. Amma a shekarar nan sai ga wani jirgi yana kai da komo kusa da gari, yana buga wata irin ƙara a cikin ruwa don ya ji ko akwai mai a ƙasa. Adiza ta ce duk inda ya bi, sai koma ta fito da leda da ciyawa. Ta ce teku ta turo gawar wani kifi da ya fi bas ɗin London girma, yara suka yini suna hawa kansa, kuma har yau ba wanda ya amsa cewa shi ya kashe. Sannan labari ya fito cewa wani kamfani na son kafa sabuwar hasumiya daidai wurin da Mma ke kira rumbun garin, inda ruwan sanyi ke tasowa da damina ƙananan kifi su cika, gab da rairayin da kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai. Kwalayen banda suka fara ramewa. Wanda da sai mun kama mu biyu, na koma ɗaukarsa da hannu ɗaya ina cin biskit da ɗayan.

Ƙofa ta biyu daga nan ce. Kuɗin wuta ya yi tashin da Mma ta kashe firiza ɗaya, muka mai da ita kujera. Mai ginin kuma ya aiko cewa a ƙarshen shekara zai sabunta haya da sabon farashi, in ba za mu iya ba akwai masu jira. Ban taɓa jin Mma ta ce shagon zai rufe ba. Amma ta daina gyara fitilar ƙofa da ta mutu, ni kuma na san abin da hakan ke nufi.

A wannan hali ne Anti Bilkisu ta shigo, wata Laraba a hutun tsakiyar zango. Mma ta tafi asibiti a duba mata gwiwa, ta bar mini shago, karo na farko a tarihin duniya. Anti Bilkisu 'yar Kaduna ce, tana aiki a wani ofis na shirya taruka a unguwar Marylebone, kuma ita ce shugabar ƙungiyar matan da duk kifin sunansu da bikinsu daga wajenmu yake fita. Mutuniyar kirki ce. Ita ta taɓa kawo mini safar hannu mai gashi a ciki.

"Sagir, ina Mma?"

"Tana asibiti, Anti. Ni ne manaja yau."

"To manaja, buɗe kunnenka, arziki na kawo muku. Duk bandar da kuke da ita nake so. Kuma in abin ya yi kyau, duk wata za a riƙa ɗauka har shekara. Ka ga maganar haya ta mutu ke nan."

Wallahi a take na ga sabon kambas yana yi mini murmushi. Hannuna har ya kai kan kwali. Bakina ne ya yi abin da ya saba, ba da izinina ba.

"Wa zai ci, Anti?"

"Mutane mana."

"Wane iri? Masu haƙori ko marasa? Miya za a yi, ko a faranti za a jera? In miya ce in ɓare in cire kai."

"Kai dai ka cika surutu. Liyafar rana ce, ta wani kamfani, za su tara masu zuba jari. Ɗan yanki za a sa a kowane faranti, a gabansa ɗan kati mai sunan garin da hoton matan da suka yi bandar. Ka tuna mini ma in karɓi hoton yayar Mma, wanda take dariya."

"Wane kamfani?"

Ta faɗi sunan. Na san shi. Duk sati Adiza na faɗinsa a waya, tare da wasu kalmomi da in na rubuta a nan Malam zai kore ni daga Islamiyya.

Na janye hannuna daga kan kwali. Na ce, "Anti, babu banda."

Ta dubi kwalayen da ke jere a bayana, ta dube ni. "Waɗannan fa? Takalma ne?"

"An riga an kama su."

"Wa ya kama?"

"Wasu ɗalibai. Na kyanwa ne."

Ba ta yi dariya ba. Sai na bar wasa na gaya mata gaskiya, cewa kamfanin nan shi ne ke son haƙa a rumbun garin su Mma, kuma ni ba zan ɗora kwali ko ɗaya a motarta ba sai Mma ta dawo.

Kada ku ɗauka na kayar da ita da hujja. Ita ta kayar da ni. Ta ce, "Firizar nan da ke gurnani a bayanka, da addu'a take aiki? Jirgin da ya kawo bandar ruwan famfo yake sha? Injin kwalekwalen su kansu fa? Mutanen nan sun ce za su gina asibiti a garin. Kai da kake zaune a London da wuta da ruwan zafi, kai ne za ka ce kada a haƙa?" Abin da kawai na iya cewa shi ne, "Sai Mma ta dawo." Ta ajiye lambarta ta ofis, ta fita.

Mma ta dawo da la'asar tana dogara sanda. Na ba ta labari tun daga farko, har da kyanwa. Ta jingine sandarta. Ta ɗauki karfasa ta kankare, ta ɗauki wata ta kankare, alhali ba wanda ya saya. Sannan ta juyo.

"Wa ya ba ka shago?"

"Ke ce, Mma."

"Na ba ka ka tsare, ko na ba ka ka kori ciniki? Kai ne za ka biya mai ginin? Da kambas?"

Na fara kwance igiyar rigar aikina, don na ga alamar ritayata ta zo. Ta ce in tsaya inda nake. Ta zauna kan matacciyar firiza, ta kira Adiza ta bidiyo. Sai ga Adiza a gaban murhunta, hayaƙi na tashi, ragar da ke bayanta rabi babu komai. Mma ta faɗa mata.

Ni na zaci za ta fara zagi. Sai ta ce, "Sayar musu! Memuna, sayar, ki tsuga musu kuɗi har su yi kuka. Kifi dai ci za a yi. In shagonki ya mutu, wa zai sayi namu?"

"Yaya, da hotonki suke so. Da sunan gari, a gaban kowane faranti."

Adiza ta ajiye itacen da ke hannunta. Sannan ta matso da fuskarta har ba a ganin komai sai ido da hanci.

"Hotona ina dariya? A teburinsu? Wato su nuna wa masu kuɗi cewa mun yarda." Ta goge ido da gefen zane, hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba, ban sani ba. "Mazanmu za su zauna da mutanen gwamnati kan maganar nan. In hoton ya riga su isa, da wane baki za su ce ba mu so? A'a. Su ci kifin in suna jin yunwa. Amma ban da fuskata, ban da sunan gari." Kun ji dalilin da ya sa ni ma ban rubuta sunan a nan ba.

Mma ta kira Anti Bilkisu a gabana, ta sa a lasifika. Ta ce za ta ba da banda, duk kwalayen, amma babu kati, babu hoto. Anti ta ce bari ta tambayi na sama da ita. Ba a daɗe ba ta sake kira, muryarta a sanyaye. Sun ce in babu kati, ba su ga amfanin ɗauko kifi daga Deptford ba.

"To kin ji," in ji Mma. "Ba kifi suka zo saye ba."

"Mma, don Allah ki duba. Ni na kawo sunanki a ofis, na yi alkawari. Shagon nan nake so in ceto, wallahi ba wani abu ba."

"Na sani, 'yata. Allah ya saka. Amma abin da suke nema ba nawa ba ne, balle in sayar."

Ta kashe waya, ta dube ni. Na tsaya ina jiran yabo, har na ɗan gyara tsayuwa. Ta ce, "Me kake kallo? Ƙanƙara ta narke."

Ranar liyafar Mma ta rufe shago da tsakar rana, abin da ko ranar Sallah ba ta yi. Ta cika faranti babba da banda, ta rufe da farin ƙyalle, ta sa ni na ciro allon daga bango. Muka nufi Marylebone wajen liyafar: muka hau jirgin ƙasa, muka sauka muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ban taɓa samun wurin zama cikin sauƙi irin na ranar ba. Muna shiga mutane suka tuna cewa a tasha ta gaba za su sauka. Wani mai kwat ya toshe hanci da jarida har ya kusa karanta ta da huhu.

Wasu ɗalibai 'yan Ghana da 'yan Najeriya sun ji labari sun zo, har da masu kyanwa. In kun tambaye ni, zan ce mun cika Marylebone maƙil, 'yan sanda na roƙonmu. Gaskiyar ita ce ko bas ɗaya ba za mu cika ba, kuma rabinmu laima suke riƙe da ita, don ruwa ake yi. Muka tsaya a tsallaken titi, daidai ƙofar ginin da ake liyafar. Mma ba ta yi ihu ba, ba ta iya waƙar zanga-zanga ba. Ta ɗora farantin a ka, da ciwon gwiwarta da komai, ta tsaya ƙyam kamar a bakin teku take. Duk wanda ya tsaya kallo sai ta sauke, ta ɓaro masa ɗan yanki, ta nuna allon da nake riƙe da shi, ta ce, "Daga nan yake. Waɗancan na ciki suna so su haƙa inda ake kama shi." Wasu suka ci suka yi tambaya. Wasu suka wuce kamar mun ce su ba mu rance. Mai gadin ginin, wani ɗan Kumasi, ya tsallako ya ce mu matsa baya kaɗan, ya karɓi nasa yankin, ya juya wa kyamara baya ya cinye.

Wani Bature mai ɗauke da katin baƙi a wuya ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce in sayar masa da guda biyar. Na ce, "Wa zai ci?" Ya ce zai shiga da su ne abokansa su ɗanɗana. Na ce a nan ake ci, a tsaye, cikin ruwa, kamar kowa. Ya yi dariya yana zaton wasa nake. Mma ta ja ƙyalle ta rufe farantin.

Ta tagar bene na hango Anti Bilkisu da waya a kunne. Ta gan mu. Ba ta ɗaga hannu ba, mu ma ba mu ɗaga ba. Ruwa ya wanke rabin allin, sai da na riƙa sake rubuta sunan garin. Da farantin ya ƙare muka koma gida, kuma a tube ɗin dawowa ma mun samu wurin zama.

Yanzu ga yadda ta ƙare, ba ƙari. Matan ƙungiya suka rage zuwa. Ban ce Anti ta hana su ba, ina ganin nauyin ido ne kawai, kowa na gudun a ce ta ɗauki ɓangare. Ƙarshen shekara ya zo, Mma ba ta iya sabon farashi ba. Muka sayar da firiza mai rai, matacciyar muka bar wa mai ginin tukuici. Shagon yanzu na gyaran waya ne, kuma yaron da ke ciki ya ce har yau in an kunna hita ƙarni na tashi. Mu muna waje, a kan titi, da tebur da rumfar leda, ranakun kasuwa kaɗai. Sanyin ya ninka. Allon yana ɗaure a jikin ƙarfen rumfa, Kawu yana nan, tambayar ma tana nan. Mazan garin sun yi zamansu da gwamnati, sun faɗi abin da suka je faɗa. Ba a fasa haƙar ba, ba a kuma fara ba, ana ta ja. Kwalekwale na fita, kwali na zuwa, ba kullum da nauyi ba.

Wata Asabar da ta wuce ina fasa ƙanƙara na ɗaga kai, sai ga Anti Bilkisu a gaban tebur. Ta gaida Mma, Mma ta amsa ta tambaye ta yara. Ta nuna banda. Na ɗauki takardar naɗi.

"Wa zai ci, Anti?"

"Ni ce, sarkin surutu. Miyar kuka zan yi."

Na ɓare, na cire kai da ƙaya, na naɗe mata. Da ta karɓa na kasa haƙuri, na tambaye ta me aka ci a liyafar. Ta ce kifin salmon ne daga kanti, kuma babu kati a gaban kowane faranti.